Tsohuwar Tarakta da Mai Riƙon Amana

A wani ƙauye kudu da Maraɗi akwai wani dattijon ikilisiya da yake da tarakta ƙirar Massey Ferguson 135. An yi ta ƙera irin wannan tarakta a Ingila, da inji Perkins mai silinda 3. Tasa ta bi hannuwa da yawa kafin ta iso wurinsa. Jan fentinta ya koɗe, fitila ɗaya ta mutu, kujerar kuwa tsohon buhu aka naɗe a kanta. Batir ma ya daina aiki, saboda haka a kan gangare yake ajiye ta, da safe samari su tura ta har ta tashi.

Ba ya yawan huɗa da ita. Ƙasar jigawa rairayi ce, in aka juya ta da zurfi sai iska ta kwashe. A fadama kaɗai yake sa garma. Aikinta na kullum shi ne jan tirela: taki zuwa gona da rani, dammunan gero da kaka, tubali da yashi lokacin da ake ginin ɗakin sujada.

Kowace safiya, bayan addu'ar gida, yakan duba man inji da ruwan lagireto. Lokacin hunturu kuma yakan wanke matatar iska a kai a kai, gama ya san ƙura ce ajalin inji. Ba ya bari gas ya ƙare a tanki, domin in iska ta shiga bututu sai an sha wahalar fitar da ita.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada ƙwarai. A shekarar nan famfon gas ya lalace. Wani ɗan kasuwa ya zo ya yi tayin sayenta don ya farfasa ya sayar da kayan. Kuɗin sun isa sayen shanun huɗa biyu. Dattijon ya kwana uku yana tunani. Sai matarsa ta ce, “Maigida, in ka sayar, wa zai kwashe wa gwauraye hatsinsu?” Bai amsa ba. Ran kasuwa ya kai bijiminsa guda ya sayar, ya aika Kano aka sayo famfo na hannu. Mutane da yawa suka ce ya yi wauta.

Da damina ta yi tsakiya, wani dare aka buga masa ƙofa. Maƙwabcinsa ne, wanda shekaru da yawa ba ya amsa gaisuwarsa tun da aka gina ɗakin sujada kusa da gonarsa. Ya ce, “Malam, ƴata tana kan gwiwa tun jiya, ungozoma ta kāsa.” Ruwa ya yanke hanya, mota ba ta shiga, amalanke kuwa ba za ta kai da sauri ba. Dattijon ya ta da samarinsa, suka tura tarakta cikin duhu, aka shimfiɗa tabarma da katifa a tirela. Da fitila ɗaya ya ratsa taɓo har bakin kwalta, inda aka sami mota zuwa asibiti. Uwa da jariri suka rayu. Da maƙwabcin ya kawo kuɗin gas, dattijon ya ƙi karɓa.

Ƴan'uwa, dattijon bai san daren nan yana zuwa ba lokacin da yake wanke matatar iska, ko ran da ya rabu da bijiminsa. Ya dai ɗauka cewa abin da ke hannunsa amana ce daga Ubangiji, kamar bayin nan na misalin talanti a Matiyu sura 25. Kowannenmu yana da abin da aka danƙa masa: keke, jaki, keken ɗinki ko rijiya. Bari mu kula da shi yau, gama ba mu san daren da maƙwabci zai buga ƙofa ba.