Akwatin da Magada Ba Su So

Kowane ɗalibi a kwalejin nan yana da abin da ya ke yi in an ba da hutu. Waɗansu gona su ke komawa, waɗansu su kama kabu-kabu don su haɗa kuɗin makaranta, waɗansu kuwa barci su ke sha har ranar dawowa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni nawa kiwon tsofaffin akwatunan talabijin ne, da manyan rediyo masu garmaho, irin waɗanda a ke fitarwa tsakar gida in maigida ya rasu an zo rabon gado. Abokan ɗakina sun daɗe suna yi mini dariya, har sun naɗa ni Sarkin Bola. To, tun da Edita ya ba ni fili, bari in faɗi dalilina, sa'an nan ku yanke hukunci.

Garinmu Sabon Wuse ne, a bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna, kusa da Suleja, shi ne kuma hedkwatar ƙaramar hukumar Tafa ta Jihar Neja. Sunansa ma ya isa ya ba ku labarinsa. Bayan an yanke shawara a 1976 za a gina sabon babban birni, sai aka tashi mutanen tsohuwar Wuse aka kawo su nan. Da gwamnati ta ƙaura daga Ikko a 1991 ma'aikata suka biyo ta, waɗanda kuɗin hayar birni ya fi ƙarfinsu suka watsu a Madalla da Suleja da garinmu. Da yawansu a nan suka yi ritaya, a nan kuma kwanansu ke ƙarewa. Watau dai gari ne na mutanen da suka taso daga wani wuri da kayansu a bayan mota, cikin kayan nan kuwa ba a rasa wani dogon akwati na katako wanda aka naɗe da bargo don kada ya ƙuje a hanya.

Ga waɗanda ba su taɓa ganinsa ba, dogon akwatin nan shi tsofaffi ke ce wa rediyogiram. Tsawonsa ya kai na bencin makaranta, yana tsaye a kan gajerun ƙafafu huɗu. Rediyo na tsakiya, da dogon gilashi mai sunayen birane an jera, lasifika dama da hagu an rufe su da ƙyalle, in ka ɗaga murfi kuma sai ka ga wurin ɗora faifai da hannun allura. Akwai ma mai ƙaramin kabad na ajiye kofuna. Talabijin na lokacin ita ma haka ta ke, da ƙafafu da ƙofofi masu zamewa, wata har da makulli, maigida ya kulle ya sa a aljihu ya tafi ofis. Grundig da Philips daga Turai, National da Sanyo da Sharp daga Japan, su na fi gamuwa da su.

Ku sani talabijin ba baƙuwa ba ce ƙwarai a ƙasar nan. An buɗe tasha ta fari a Ibadan ran 31 ga Oktoba 1959, tun ba a sami mulkin kai ba, ta Kaduna ta biyo baya a 1962. Tashar Jos ce ta soma nuna hoto mai launi a 1975, sa'an nan a 1977 aka haɗe tashoshin duka aka yi NTA. Amma abin da ya cika gidaje da akwatunan nan shi ne kuɗin Udoji. A 1974 kwamitin da Jerome Udoji ya shugabanta ya ba da shawara a ƙara albashin ma'aikata, gwamnatin Janar Gowon ta yarda, aka kuma biya har da ariyas. Malamin makaranta da akawu da ma'aikacin asibiti, waɗanda ba su taɓa riƙe kuɗi mai kauri ba, suka wayi gari da shi a hannu. Wani ya sayi babur, wani ya ƙara aure, wani kuma ya shiga kanti ya fito da akwati a kan ɗan dako. In ka tambayi gwauruwa yaushe maigida ya sayi wannan, ba ta kan faɗi shekara ba, sai ta ce, "Tun kuɗin Udoji." A gaban akwatunan nan 'yan unguwa suka zauna a tabarma suka kalli Samanja da Karkuzu, yaran da ba su sami shiga ba suna leƙe ta taga.

To, yau in mai akwatin ya rasu, me ke faruwa? An san yadda a ke yi da gida, an san yadda a ke yi da gona da mota. Riguna a raba, tukwane mata su kwashe. Amma rediyogiram ba ya rabuwa biyu, ba ya shiga ɗakin haya, ba ya kuma yin abin da wayar da ke aljihun ƙaramin cikin magada ba ta yi. Sai a ja shi a ajiye a zaure ko bayan ɗaki, damina ta doke shi, gara ta shiga, har ranar da mai jari bola zai wuce da baro yana kira. Shi kuwa ba ruwansa da Grundig ko Philips. Guduma ya ke sa wa. Abin da ya ke nema jar wayar da ke naɗe a wuyan gilashin talabijin da cikin taransifoma, da ɗan goran ruwa da ƙarfe, a ɗora a sikeli. Katakon ya zama makamashi. Ban zarge shi ba, abincinsa ya ke nema, kuma rana ta fi dukansa fiye da ni. Amma dai tsere mu ke yi ni da shi, shi ne kuwa ke yawan riga ni, gama shi kullum yana kan hanya, ni sai an ba da hutu.

A nan ne sha'anin ya ke da nauyi, don kayan mamaci ba kamar kayan kasuwa ba ne. Sau da yawa akwai marayu a ciki, magada kuma ba su san ko abin yana da daraja ba. Mutum na iya zuwa da fuskar ta'aziyya ya ce a ba shi "wannan tarkacen" ya rage musu shara, su kuma yi masa godiya. Ni ban ga bambancin wannan da sata ba sai sallamar da aka yi. Saboda haka ga ka'idata. Ba na taya kome sai an gama zaman makoki an kuma yi rabo, an san wanda abin ya faɗa wa. Ba na ciniki da yaro shi kaɗai, sai a gaban babba. Na kan faɗa musu gaskiya cewa so na ke in gyara in ajiye, sa'an nan in ƙara a kan abin da mai sikeli zai bayar, ko da ƙarin zai cinye kuɗin motata na komawa makaranta. In kuma na ga wani daga cikin 'ya'yan yana shafa katakon yana jinkiri, sai in ce albarka da kaina, in nuna masa yadda zai ɗora shi a kan bulo don gara, in kama hanya. Wata dattijuwa a Suleja ta sayar mini da na mijinta, amma ta ce sai in ya tashi in zo in gaya mata. Da ya tashi, ɗaukarta muka yi a keke napep ta zo ta zauna, aka sa mata faifan Jim Reeves da ke ciki tun ran da maigidan ya rufe murfin. Ta saurara har ya ƙare, ta ce a juya ɗaya gefen.

Gyara kuwa ba ni ke yi ni kaɗai ba. Akwai wani tsoho mai gyaran rediyo a Suleja, idonsa ya soma rauni, yara sun daina kawo masa aiki tun da kome ya koma waya. Shi ya koya mini abu na fari, watau kada a kuskura a jona tsohon akwati da wuta ran da aka samo shi, kome ɗokin mutum. Sai an buɗe baya, an share gidan ɓera da ƙwan kyankyaso, an duba wayoyin da suka bushe, an canja 'yan kayan da ke riƙe caji waɗanda shekaru suka kashe. Mafi tsufa daga cikin rediyon nan da 'yan kwalabe su ke aiki, masu gyara na ce musu bawul. In an kunna sai su yi ja a hankali kamar garwashi, a jira kaɗan kafin murya ta fito. Ya kuma gargaɗe ni a kan talabijin, ni ma ina gargaɗinku. Babban gilashin nan yana aiki da wuta mai ƙarfin dubban bolt, yana kuma iya riƙe ta bayan an cire waya daga bango. Babu iska a cikinsa, in ya fashe da ƙarfi ya ke tarwatsewa, ga shi kuma an haɗa gilashin da darma, wadda ke da lahani ga jiki. In kun ga yara suna wasa da fasasshensa a juji, ku kore su.

Cikin akwatuna bakwai da na tara, uku ne suka tashi. Talabijin biyu suna ba da haske, amma tun da a ke ta mai da watsa shirye-shirye ga sabuwar hanya ta dijital, wadda aka soma a Jos da Abuja a 2016, hoto mai kyau sai an haɗa su da dikoda. Abin dariya ne ka ga ƙwallon Ingila na jiya da dare a baƙi da fari, cikin akwati mai makulli.

Amma in za ku tambaye ni, ba akwatin ne dukiyar ba, abin da a ke samu a cikinsa ne. Kusan kowane rediyogiram yana da wurin ajiye faya-fayai, magada kuma ba su kan duba ba. Na sami na Rex Lawson da na I. K. Dairo, na sami na Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos a akwati guda da waƙoƙin Kirsimeti, abin da ya nuna mini kunnen iyayenmu ya fi namu faɗi. Na sami waɗansu na makaɗan da na nema a intanet ban ga ko sunansu ba. Wannan shi ke hana ni barci. Shata dai Allah ya tsare muryarsa, tana ko'ina. Amma ƙaramin makaɗin da ya shiga ɗakin ɗaukar murya sau ɗaya tak a rayuwarsa, aka buga 'yan faya-fayai kaɗan, in na ƙarshen ya narke a rana a bayan ɗakin wani a Sabon Wuse, shi ke nan an yi ba a yi ba. Ban da faya-fayai, na taɓa samun rasiɗin kanti, da takardar canjin wurin aiki, da hoton aure wanda na mayar wa masu shi.

Da aka tura mu gwajin koyarwa bara, na ɗauki ƙaramin garmaho na tafi da shi aji biyar. Darasin yadda sauti ke tafiya ne. Na naɗe takarda kamar mazurari, na soke allurar ɗinki a bakinta, na ɗora a kan wani faifai da ya riga ya lalace, na sa yaro yana juyawa da yatsa. Da murya ta fito daga takarda, ba wuta ba batir, sai ajin ya yi tsit, wata yarinya ta leƙa ƙarƙashin tebur ko na ɓoye waya. Daga nan muka shiga lissafi: faifai mai juyi 45 a minti ɗaya, sau nawa zai juya cikin waƙar minti uku? Mai 33 fa, ko tsohon nan mai 78? Malamin da ya zo duba ni ya ce na ci lokaci, gaskiyarsa kuwa, amma har na bar makarantar yaran nan ba su daina tambayata yaushe za a sake kawo mai waƙa ba. Wayar zamani ba ta buɗuwa yaro ya ga abin da ke motsi a ciki. Wannan kuwa kome nasa a fili ya ke, allura na bin layi, ido na gani, kunne na ji.

Ba zan ɓoye muku wahalar ba. Ɗakina a gida ya cika, a gicciye na ke kwana. Mahaifiyata ta ce duk yarinyar da ta leƙo ta ga wannan ba za ta dawo ba. Wata maƙwabciyarmu kuma ta daina aiko 'ya'yanta gidanmu, wai na tara kayan matattu, da dare suna magana. Na gaya mata suna magana kam, amma sai an biya kuɗin wuta. Waɗansu sun ce a Amurka da Ingila masu sha'awa suna sayen irin waɗannan da tsada a gwanjon kayan mamata, me ya hana in nemi mai saye? Ban ce har abada ba zan sayar ba, ɗalibi ba ya rantsuwa a kan kuɗi. Sai dai burina in na sami makaranta tawa, a ba ni kusurwa guda a ajiye su, yara su taɓa, tsofaffin gari su zo su faɗi wanda ya saya da abin da aka ji a ciki ran da aka yi kaza.

Yanzu abin da ya fi damuna allura. Ta rediyogiram ɗin dattijuwar nan ta soma cinyewa, na kuwa zaga Suleja da Panteka ta Kaduna ban sami irinta ba, allurar da ta dushe kuma faifai ta ke ci. Saboda haka 'yan'uwa, in kun je gida hutun nan ku leƙa zaure da bayan ɗaki. In kun ga dogon akwati, kada ku jona shi da wuta. Ku ɗaga murfin ku duba ko da ɗan ƙaramin kwali na allurai a kusurwa, ku kwashe faya-fayan daga rana ku jera su a tsaye, kada a kwance, sa'an nan in mun dawo ku neme ni a ɗakin kwananmu bayan cin abincin dare.