Bakkale Har a Cikin Teku

Mu mutanen Dangora ba mu san teku ba. Ruwan da ya fi girma a wajenmu shi ne na Tiga, wanda aka datse a 1974. Don haka na san wasu daga cikin 'yan uwana ɗalibai za su ce, ina ruwan ɗan Kano ta kudu da dolfin? To, ku dakata.

Dolfin dai ba kifi ba ne, ko da yake a ruwa yake zaune. Haihuwa yake yi, ya shayar, ya sheƙi iska ta wata kafa da ke tsakar kansa, watau danginsa a ɗabi'a sun fi kusa da ayu, wanda Bahaushe ya sani. In ciwo ya ci ƙarfinsa, sai igiyar ruwa ta jefo shi gaɓa. A ƙasashe irin su Amurka akan ɗauke shi a sa a wani tafki na siminti, a yi ta jinyarsa wata da watanni.

A nan ne wahalar take. Sau da yawa ba raunin da ya zo da shi ke kashe shi ba, a'a, ƙwayoyin cuta ne da suka same shi a kwance. Numfashinsa na tafiya ne kai tsaye zuwa huhu, ba irin matatar da Allah ya yi wa hancinmu, shi ya sa ciwon huhu ya fi addabarsa. Mataccen kifin da ake ba shi yakan ɗauko wata ƙwayar da ke shiga jini ta kashe farat ɗaya. Sa'an nan in aka daɗe ana ɗura masa magani, ƙwayoyin sukan saba da shi har ya daina yi musu komai.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne bakkale. Duk wanda ya tashi kusa da ruga tsakanin Kiru da Doguwa ya san ta: saniya ta yi ta ɓari, gwiwa ta kumbura. A 1994 masu bincike a Sikotilan da Kalifoniya suka gano dangin wannan ƙwaya a jikin dabbobin teku, a 2007 aka raɗa wa ta dolfin suna Brucella ceti. Ɓarin nan dai shi take sa su, wani lokaci kuma ta hau ƙwaƙwalwa, dabba ta kasa iyo. Muguwa ce wajen ɓuya, ko mutum ta kama sai ya yi sati 6 yana shan magani.

Mun taɓa yin wata saniya da ta yi ɓari sau biyu. Aka ɗaure ta a turke ta yi rani guda, ana sayo allura a kasuwa ana yi mata, ba awo, ba likita. Da ta ɗan yi ƙiba sai aka kai ta kara aka sayar, kowa a gida yana murna an rabu da ƙaya. Garken wa ta shiga? Yaran wa suka sha ɗanyen nononta?

Su masu jinyar dolfin ba sa sakinsa don kawai ya fara cin abinci. Sai an ɗebi jininsa an auna, don kada ya koma ya shafa wa 'yan uwansa, in kuwa bai cancanta ba, a riƙe shi har abada. Ban ce talakan Tudun Wada ya iya wannan ɗawainiya ba, saniya ɗaya ita ce jarinsa. Amma tafasa madara ba ta buƙatar komai sai itace, binne mahaifar da aka ɓarar kuwa, maimakon a bar wa karnuka, fartanya kawai take nema.