Daga Kankiya Zuwa Tarkwa Bay: Allon Da Zai Ɗauki Mai Jiki A Kan Teku

Idan a Kankiya ko Kusada kika girma, ruwan da kika sani mai iyaka ne: rijiya, kududdufin bayan gari da ke cika da damina, sai madatsar Zobe ta wajen Dutsin-Ma ga wadda ta taɓa leƙawa. Tarbiyyar da aka yi mana a kan ruwa kuwa gajeriya ce, “kada ki kuskura ki je,” kuma ita muke maimaita wa namu 'ya'yan. To amma 'ya'yan nan sun watsu. Wani karatu ya kai shi Legas, wani bautar ƙasa, wani yana wajen kawunsa a Agege ko Mile 12 yana koyon kasuwanci. Wata rana sai ki ga bidiyo ya shigo miki ta WhatsApp: samari tsaye a kan wani dogon allo, igiyar teku tana gudu da su zuwa gaɓa. A ƙasa ya rubuta, “Umma, ina so in koya, ki sa mini albarka.” Yaron nan kuwa kin san shi, mai jiki ne tun yana goye, yanzu nauyinsa ya doshi kilo 100.

Kafin ki ce e ko a'a, zo mu ga wurin tukuna.

Sunansa Tarkwa Bay, kimanin kilomita 1,000 daga ƙofar gidanki, a daidai bakin mashigar da manyan jiragen ruwa ke bi su shiga tashar Apapa. Mota ba ta zuwa. Daga Marina ko Victoria Island ake shiga ƙaramin jirgi mai inji, tafiyar kamar minti 15 zuwa 20. Dokar jihar ta wajabta wa kowane fasinja sa rigar kariya daga nutsewa, kuma duk direban da ya ce miki ba komai, ki sauka ki jira na baya. A hanya za ki wuce ta gindin jiragen dakon kaya masu tsayin bene, ƙaramin jirginku yana tsalle a kan ruwan da suka tayar. A nan ne yawancin 'yan Arewa ke fara salati da ƙarfi.

Abin da ya bambanta Tarkwa da sauran gaɓoɓin Legas shi ne dogayen katangun duwatsu da Turawan mulkin mallaka suka jera cikin teku a farkon ƙarnin da ya wuce, don kare mashigar jirage daga cikewa da yashi. Katangun suna karya ƙarfin ruwa kafin ya iso, shi ya sa ake kai yara da masu koyo can. Idan kika taka kaɗan ta baya akwai wata gaɓar, Lighthouse Beach, mai tsohuwar hasumiyar fitilar jirage. Ita a buɗe take ga teku kai tsaye, ruwanta yana da ja. Ta kallo ce da ɗaukar hoto, mai koyo ba shi da abin yi a cikinta.

Ki kuma san cewa wurin yana da tabo. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi dubban mazauna yankin, bisa zargin ana fasa bututun mai a kewayen. Da yawa daga samarin da ke koyar da hawan igiyar ruwa a nan aka haife su, kuma 'yan kuɗin hayar allo da na koyarwa su ne abincinsu. A yi ciniki da su da mutunci.

Wataƙila kina ɗaukar abin wasan Turawa ne da ba su da aikin yi. Tarihi bai goyi bayanki ba. A 1834 wani matafiyi Bature, James Alexander, ya rubuta cewa ya ga yara a gaɓar Accra suna kwanciya a kan 'yan alluna marasa nauyi, igiyar ruwa tana kawo su gaɓa. Masanin tarihi Kevin Dawson ya tattara bayanai irin wannan da suka koma har shekarun 1640 a gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau. Da masu shirya fim ɗin Amurka The Endless Summer, wanda ya zagaya gidajen sinima a 1966, suka zo Senegal da Gana da Najeriya da allunansu, sun iske mutanen da suka gaji ruwa kaka da kakanni. A Dakar, garin da mafi yawan jama'arsa Musulmi ne, Khadjou Sambe ta zama mace ta farko 'yar Senegal da ta mai da wannan wasa sana'a. Wasan ya shiga gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021.

Mu kanmu muna da ɗan'uwansa. Ki tuna masunta a bikin kamun kifi na Argungu, yadda kowa ke faɗawa Matan Fada da homa da ƙaton gora. Goran nan shi ke riƙe mutum a saman ruwa, kuma ba a taɓa ganin ƙato ya ɗauki ɗan ƙaramin gora ba. Duk ilimin zaɓen allo yana cikin wannan.

Ga yadda lissafin yake. Kin san jarkar 'yan garuwa mai cin lita 25. Idan babu komai a ciki, aka toshe bakinta da kyau aka jefa ta a ruwa, sai an ɗora mata nauyin kusan kilo 25 kafin ta nutse. Kowace lita ɗaya tana ɗaukar kimanin kilo ɗaya. Allon hawan ruwa ma da lita ake auna girman cikinsa, kuma yawancin na zamani an rubuta adadin a jikinsu, tare da tsawo da faɗi da kauri. Ƙa'idar da masu koyarwa suka fi bi ga sabon shiga ita ce, litar allo ta yi kusan daidai da kilon mai hawa. Mai kilo 60 zai ji daɗin allo mai lita 60 zuwa 70. Ɗanki mai kilo 100 yana bukatar mai lita wajen 100, wato jarka huɗu ke nan a ƙarƙashin ƙirjinsa.

Gajeren allon nan mai tsinin baki da gwanaye ke wulƙawa da shi a bidiyo, wanda shi ne ya ja hankalin yaron tun farko, tsawonsa wajen ƙafa 6 ne, cikinsa lita 25 zuwa 35. Jarka ɗaya da 'yan kai. Idan mai kilo 100 ya kwanta a kai, allon zai lume, rabin jikinsa yana cikin ruwa yana ja da baya. Zai yi ta tuƙi da hannu har kafaɗunsa su mutu, igiyar ruwa ta zo ta wuce ta ƙarƙashinsa ta bar shi. Dalili shi ne, kafin igiya ta ɗauki mutum sai gudunsa ya kusa kai nata, kuma allon da ya nutse ba ya gudu. Bayan awa ɗaya zai fito yana haki, yaran gaɓa suna kallonsa, ya yanke wa kansa hukuncin cewa ƙibarsa ce ta hana shi. Wannan ne ya fi damuna a lamarin. Yaron da ya sha tsokana tun firamare, ana kiransa Ɓuleliya ko buhun gero, ya yi ƙarfin halin cire riga a gaban jama'a, sai kayan aikin da bai dace ba ya tabbatar masa da abin da ake faɗa. Da wuya ya sake komawa.

Allon da zai fara da shi dogo ne, ƙafa 9 ko sama da haka, wato mita 2.7, ya fi ƙofar ɗakinki tsawo nesa ba kusa ba. Wanda ya haura kilo 110 ya nemi mai ƙafa 10. Faɗin ya kai inci 23 ko 24, kaurin ya haura inci 3, bakin ya zama mai faɗi a kewaye, bayan ma kada ya tsuke. Tsawo ke ba shi gudu, faɗi ke hana shi tangaɗi lokacin da zai miƙe, kauri kuma ke ɗaga shi sama. Masu hayar allo sukan miƙa wa kowane baƙo mai ƙafa 8 saboda shi ne suka fi yawa da shi. Irin wannan yakan ci lita 80 da 'yan kai. Ya ishi siririn saurayi ko budurwa, amma ga mai kilo 100 ya yi kaɗan. Ki ce masa ya tambayi lita, kada ya tsaya a kan tsawo kawai, domin alluna biyu masu tsawo ɗaya suna iya bambanta da lita 20.

Idan ya ji kunyar ɗaukar ƙaton allo a gaban yara masu ƙanana, ki ba shi labarin Hawai, inda wasan ya yi suna. A can mafi tsawon alluna, waɗanda ake kira olo, na sarakuna ne. Duke Kahanamoku, ɗan Hawai ɗin da ya ci zinare a ninƙaya a Olamfik ta 1912 kuma ya yaɗa wasan a duniya, allon katako mai ƙafa 16 yake hawa.

Sai abin da aka yi allon da shi. Akwai mai tauri, wanda aka lulluɓe da wani ƙaƙƙarfan rufi mai sheƙi, akwai kuma mai saman soso. Na soso ne na mai koyo. A makonnin farko allon zai buge shi a kai, a haƙarƙari, a ƙwauri, zai kuma kuɓuce masa ya nufi wasu. Ƙaton allo mai tauri da ruwa ya wurgo yana fasa goshi. 'Yan fikafikan da ke ƙarƙashinsa ma su zama na roba mai lanƙwasa. Aibin na soso ɗaya ne ga mai nauyi: mai araha yakan lanƙwashe a tsakiya. A duba wanda aka sa wa ƙashin baya na katako biyu ko uku a ciki. Igiyar da ke ɗaure allo da idon sawu kuma tsawonta ya kai na allon, ta zama mai kauri, a duba ba ta tsattsage ba, don ita ce ke hana shi rabuwa da abin da ke riƙe shi a saman ruwa.

Idan ya ce ki turo kuɗi ya saya, ni dai shawarata kada ki tura. Daga waje ake shigo da allunan nan, farashinsu yana bin dala. Abu mai ƙafa 9 ba ya shiga danfo, ba ya shiga ɗakin haya a Agege, balle a yi maganar kawo shi Kankiya inda sai dai a shanya kuɓewa a kai. Ya yi haya a gaɓa sau biyar ko goma, ya gwada masu girma daban-daban, ya ga ko sha'awar za ta wuce wata biyu. Idan ta ɗore har ya samu na hannu, ya ɗaga shi ya ji: wanda ya yi nauyi fiye da kima ya sha ruwa. Ya danna da babban yatsa ko'ina, inda ya lotsa ya ruɓe. Ya kuma nemi inda zai riƙa ajiye shi a can gaɓar, a inuwa, don rana tana kumbura soso.

Yanzu ga sharaɗin da babu sassauci a kansa, kuma ke ce za ki kafa shi. Sai ya iya iyo. Facal-facal a kududdufin Kusada ba iyo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne a gaba. Igiyar ƙafa tana tsinkewa, allo yana tafiya. Ya fara zuwa wurin koyon ninƙaya a cikin gari, har ya iya yin mita 100 ba tsayawa, ya kuma iya tsayuwa a ruwa mai zurfi na wasu mintuna ba tare da ya riƙe komai ba. Ya san akwai wata hanyar ruwa da ke komawa cikin teku da ƙarfi, sau da yawa a gefen katangar duwatsu ko inda ruwan ya yi kamar ya kwanta. Wanda ta ja kada ya yi kokawa da ita. Ya riƙe allonsa, ya yi gefe a layin gaɓa har ya fita daga cikinta, ya ɗaga hannu a gan shi. Ranar farko da ta goma duk da mai koyarwa, a ruwan da bai wuce ƙugu ko ƙirji ba, a kan farin kumfar da igiya ke bari bayan ta fashe.

Mai jiki ya auna hawan jininsa kafin ya fara, domin tuƙi da hannu aiki ne mai sa zuciya gudu. Miƙewa daga kwance zuwa tsaye ita ce za ta fi ba shi wuya, kuma a kan tabarma ake koyonta: ya kwanta rub da ciki, ya dafa tafukansa a gefen ƙirji, ya ɗago, ya jawo ƙafa ɗaya gaba. Idan gwiwa tana damunsa, ya fara da durƙuso a kan allon, daga baya tsayuwa za ta zo.

Idan kuwa 'yarki ce, ko ke da kanki sha'awa ta kama ki, lissafin litar bai canza ba. Sutura ce ke bukatar tunani. Ruwan Legas mai ɗumi ne duk shekara, ba a bukatar rigar sanyi. Dogon hijabi da zane da abaya kuwa haɗari ne, suna shan ruwa su yi nauyi su naɗe ƙafa. Akwai kayan iyo na mata Musulmi masu rufe jiki daga kai har idon sawu, irin wanda Aheda Zanetti ta ƙirƙiro a Ostareliya a 2004, na yadi mara shan ruwa, da hular da ke kama kai ba ta yawo.

Lokacin zuwa ma yana da muhimmanci. Da damina, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, teku ya fi tashi, lokacin gwanaye ke nan. Da hunturu, sa'ad da ƙura ta rufe Kankiya leɓe yana tsagewa, iskar nan tamu tana isa har Legas ta busa daga tudu zuwa teku, igiyoyin su zama ƙanana masu santsi. Hutun Disamba ya faɗo daidai, sai dai ranakun Kirsimeti da sabuwar shekara gaɓar tana cika maƙil da 'yan shaƙatawa da kiɗa. A zaɓi ranar aiki, a tafi da sassafe, a riƙe ruwan sha da abinci daga gida da darduma. A kuma tambayi direban jirgi ƙarfe nawa na ƙarshe ke tashi, a kama hanyar dawowa tun bayan la'asar, don ba a son ƙananan jirage a kan ruwan Legas bayan duhu ya shiga.