Aikin Hutun Ɗaliban Shari'a a Ƙasar Sabon Maci

Aikin hutu, wanda ɗalibai ke kira sitaj, shi ne makonnin da mai karatun shari'a ke yi yana koyon aiki a kotu, ko ofishin lauya, ko ma'aikatar magajin gari, kafin ya koma aji. 'Ya'yan Sabon Maci da ke wannan karatu galibinsu suna Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Jami'ar Tawa. Hutunsu kan faɗo a damina, idan yajin aiki bai hargitsa shekarar ba, don haka yaro kan iso gida ya tarar da gero ya yi kai, rigingimun gona kuma sun yi kai tare da shi. Wanda ya samu wuri yakan tafi kotun Dakoro ko babbar kotun Maraɗi. Wanda bai samu ba yakan zauna a gari yana taya magatakardan hukumar filaye rubutu, kuma sau da yawa shi ne ke komawa jami'a da ilimi mafi tsoka.

Wurin farko da ake ajiye ɗalibi a kotu shi ne ɗakin magatakarda. A nan ake ba shi manyan rajistoci ya shigar da ƙara, ya rubuta sammaci, ya jera fayil, ya nemo takardar da ta yi shekaru a ƙarƙashin ƙura. Yara da yawa suna raina wannan aiki, suna ganin ba don shi suka haddace dokoki ba. Tsofaffin ma'aikatan kotu kuwa sun san cewa shari'a takan lalace a wannan ɗaki tun ba ta je gaban alƙali ba: suna ɗaya da aka rubuta ba daidai ba, ko rana ɗaya da aka tsallake, ta isa ta sa talaka ya biya kuɗin mota daga ƙauye ya koma bai ga kowa ba. Mai koyon aiki da ya ga dattijo zaune a gindin bedi tun hantsi, da takarda a naɗe cikin leda a aljihun riga, ya kamata ya fara lissafin tiya nawa ta gero aka sayar kafin a zo.

Daga nan sai zauren shari'a, inda ɗalibi ke zama a gefe yana saurare. Dokokin da ya karanta da Faransanci aka rubuta su, kuma asalin da yawa daga cikinsu daga Faransa ne, amma masu ƙara Hausa suke ji, ko Fulatanci, ko Tamashek. Tafinta ke tsaye a tsakani. Mace takan yi bayanin shekaru ashirin na zaman aure, tafinta ya dunƙule shi a jimla biyu. A watan Maris na 2025 kundin da ke jagorancin ƙasa ya sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. An yi murna, kuma murnar tana da dalili. Sai dai ga ɗalibi Bahaushe, ɗan Bahaushe, da ke iya zuba sharhin doka da Faransanci har a tafa masa, amma a ce ya bayyana wa gwaggonsa abin da hukunci ya ƙunsa sai harshe ya sarƙe. Sanarwa ba ta gyara wannan. Zama a gefen tafinta da kunne buɗe shi ke gyara shi.

Abin da ya fi girgiza ɗalibi a makonnin farko shi ne gano cewa yawancin ƙarar da ke zuwa ba da littattafan da ya haddace ake yanke ta ba. Dokar tsarin kotuna ta 2004, da ta 2018 da ta maye gurbinta, sun bar aure, da saki, da gado, da wasiyya, da gonakin da ba su da rajista a hannun al'adar masu shari'a. Shi ya sa alƙali ke zama da mataimaka masana al'ada, waɗanda a ƙasar Hausa yawanci malamai ne da suka san fiƙihun Malikiyya. A rigimar gona ma doka ta wajabta a fara neman sulhu a wurin sarakuna: mai gari, sannan sarkin kanto, wanda ga mutanen Sabon Maci yana Kornaka. Idan an daidaita a rubuta takardar sulhu, idan an kasa a rubuta ta rashin sulhu, da ita ake zuwa kotu. Matasa kan ɗauki wannan ɓata lokaci ne. Dattawan da suka ga ƙarshen shari'u da yawa suna da amsa guda: mutanen nan biyu, wanda ya ci da wanda aka kayar, gari ɗaya za su koma, rijiya ɗaya za su ja ruwa, kuma wata rana ɗayansu zai ɗauki gawar ɗaya. Hukunci yana raba gardama, ba ya koya wa mutane yadda za su gaisa washegari.

Ƙasa ita ce babbar makarantar ɗalibi a wannan yanki. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gona ta hanyar al'ada, ta kuma kafa hukumomin filaye, waɗanda yanzu ake samu a matakin gunduma, da ƙaramar hukuma, da ƙauye. Su ke ba da takardar shaidar gado, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina. A aji waɗannan sunaye ne a jere. A bakin gona kuwa kowannensu rigima ce mai zaman kanta. Kaka ya ba baƙo gona ya noma, babu takarda, shaidu sun rasu. Jikokin mai gona suka ce aro ne, tunda kowace kaka ana kawo musu dami. Jikokin baƙo suka ce kyauta ce, damin kuwa alheri ne kawai. Iyakar ma ba dutse ba ce: layin gamba ne da aka dasa, ko shingen aguwa, ko wani gawo da kowa ya sani, kuma gamba tana iya matsawa taku ɗaya a kowace damina idan maƙwabci mai haƙuri ne da hauya.

Ana ba da labarin wani ɗalibi da ya dawo hutu ya tarar da irin wannan rigima tsakanin babansa da ƙanen baban. Mai gari ya kusa daidaita su a kan a raba kwarin gonar biyu. Yaron ya miƙe a gaban dattawa ya karanto lambar doka, ya ce haƙƙin babansa cikakke ne, babu dalilin rabawa. Gaskiya ya faɗa, kuma kotu ta tabbatar da ita bayan an sayar da bijimi an yi zirga-zirga. Gonar ta dawo duka. Auren da aka sa rana tsakanin gidajen biyu ya watse, aka gina katanga a tsakiyar gida, kuma da baban ya kwanta ciwo ƙanensa bai leƙo ba. Masu ba da labarin ba sa cewa yaron jahili ne. Suna cewa ya san doka, bai san rijiya ɗaya ake sha ba.

Don kauce wa irin wannan rigima, shawarar da ake ba mai koyon aiki ita ce ya matsa wa danginsa su rubuta kome: aro a rubuce, jingina a rubuce, shaidu su sa hannu tun suna raye. Amma takarda ma ba gaskiya ba ce. An sha ganin gona ɗaya da takardu biyu, kowace da hatimi, kuma mai kuɗi ya fi talaka saurin samun takarda. Dattijon da ya ce a rubuta, shi ne kuma zai ce kada a yarda da rubutu sai an je an taka gonar da ƙafa an tambayi maƙwabta na gabas da yamma. Duka biyun daidai ne, kuma ɗalibi sai ya koyi riƙe su tare.

Rigimar manoma da makiyaya ita ce wadda ba a wasa da ita. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma ƙasar Dakoro tana bakin wannan iyaka: arewa kiwo, kudu noma. Sabon Maci tana ɓangaren noma, a kan hanyar dabbobin da ke hawa arewa da farkon damina su gangaro bayan girbi, ga kuma kasuwarta da ta yi suna da dabbobi. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar da 'yancin makiyayi na yin ƙaura da dabbobinsa, ta kare burtali da mashaya, kuma hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki a kowace shekara. Ɗalibin da aka tura da masu ƙiyasta ɓarna zai ga yadda ake auna inda shanu suka ci, a duba ko da dare ne ko da rana, a duba ko gonar ce ta cinye burtali tun farko. Waɗanda suka yi wayo a 1991 ba sa bukatar a tuna musu Toda, a ƙasar Gidan Rumji, inda a watan Oktoba aka kashe fiye da mutum 100, yawancinsu mata da yaran Fulani. Yaran yanzu a littafi suke karanta wannan, idan ma sun karanta. Ɓarnar da ba ta kai dami biyar ba, idan aka bar ta ta kwana ba a zauna a kanta ba, tana iya zama abin da babu alƙalin da zai iya gyarawa.

Sai dai sulhu ba ko'ina yake da kyau ba, kuma a nan dattawa kan yi shiru fiye da yadda ya kamata. A gidaje da yawa ana raba gona tsakanin 'ya'ya maza a ce mace mijinta zai ciyar da ita, alhali addinin da ake kafa hujja da shi ya ba ta rabin rabon namiji. Idan ta yi magana a ce ta yi haƙuri don zumunci. Wannan ba sulhu ba ne, danniya ce da aka naɗa wa rawani. Shari'ar Hadijatou Mani ta nuna iyakar al'ada: an sayar da ita tana da shekara 12 a 1996, a ƙasar Ƙonni, a kan jaka 240, kuma sai da kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke hukunci a ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa ƙasa ta gaza kare ta daga bauta, ta sa a biya ta miliyan 10 na sefa. Da ta bi shawarar masu cewa a rufa asiri, da babu wanda ya ji sunanta. Ɗalibi na bukatar ya rarrabe rigimar 'yan'uwa masu ƙarfi ɗaya, wadda sulhu ke warkarwa, da rigimar mai ƙarfi da marar ƙarfi, wadda sai doka ta tsaya tsayin daka. Ba a koyar da wannan a aji, kuma har masu furfura suna kuskure a kansa.

Abin da ke ɓata aikin hutu a yau sananne ne. Akwai mai zuwa rana biyu ya ɓace, sai ranar karɓar takardar shaida ya bayyana da ɗan'uwan da ya san wani. Akwai mai aron rigar lauya ya ɗauki hoto ya watsa a Facebook tun bai iya rubuta sammaci ba. Mafi muni shi ne mai ɗaukar hoton fayil da waya ya tura wa abokai a WhatsApp, ko ya zauna a majalisar shayi yana ba da labarin sakin auren matar da kowa ya sani. A ƙaramin gari sirrin kotu ba ya bukatar ƙafa. Sannan kusan kowannensu idonsa na Yamai, inda mafi yawan lauyoyin ƙasar suke, alhali a 2011 aka kafa hukumar taimakon shari'a ta ƙasa domin talakan da ba shi da kuɗin lauya, kuma wannan talaka a karkara yake.

A ƙarshen hutu ɗalibi yakan rubuta rahoto ya kai wa malamansa, wanda ya kula da shi ya sa hannu. Rahoto mai kyau yana bayyana tsarin wurin da aka yi aiki, da ire-iren ƙarar da aka gani, da hanyar da kowace ta bi daga zauren mai gari zuwa kotu, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Ya kamata kuma ya faɗi waɗanda aka daidaita da waɗanda aka yanke, da abin da ya biyo bayan kowanne a cikin gari, domin wannan sashe ne malaman jami'a ba su da hanyar sani sai ta bakin ɗalibin da ya je.