Baƙin Dare a Gidanmu

Gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Dambatta da Bichi, inda gona take manne da gona, gida kuma manne da gida. Shekara da shekaru muna ganin kyankyaso ɗaya ko biyu a bakin masai, ba mu ɗauke shi bakin kome ba. Sai da damina ta yi tsakiya, cikin watan Agusta, muka buɗe adakar da muke ajiye takardu. Muka tarar an cinye gefen takardar shaidarmu ta koyarwa, littattafan yara kuwa duk sun saki, gama kyankyasai suna son gam ɗin da ake haɗa littafi da shi.

Takarda dai da sauƙi. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne autarmu, wadda ta yi zawo sau uku cikin wata biyu. Ma'aikaciyar lafiya ta tambaye mu inda muke ajiye kwanuka da dare. Ta ce kyankyaso yakan fito daga masai ya bi ta kan abinci, yana ɗauke da ƙwayoyin zawo da atuni da taifot a ƙafafunsa. Kashinsa da saɓarsa kuma sukan tayar da asma, musamman ga yara.

Daren nan muka tashi da tocila muka shiga madafa. Abin da muka gani ba shi da daɗin faɗi. Suna cikin tukunyar da aka jiƙa ƙanzo, suna ƙarƙashin randa, suna bayan faifai. Uwargida ta ji kunya ƙwarai, har muka fara ɗora mata laifi. Daga baya muka tuna murfin masai ya fashe tun bara, bangon ɗaki ya tsage tun bazara, gyaransu kuwa aikin maigida ne. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muka ba ta haƙuri.

Ga yadda za ku gane su. Iri biyu ne suka fi damun gidaje. Babban, mai launin ja-ja, shi ne na masai da kwata, yakan tashi sama in ana zafi. Ƙaramin, mai zane biyu baƙaƙe a bayan kai, shi ne na madafa, ya kuma fi saurin yaɗuwa, domin jakar ƙwansa ɗaya takan ɗauki ƙwai 30 zuwa 40, ta babban kuwa wajen 16. Ku duba lunguna ko za ku ga baƙin kashi kamar garin masoro, da jakar ƙwai mai kama da ƙwayar wake, da wani wari mai kama da na rumar ɗaki. Su masu yawon dare ne. In kun gan su da rana tsaka, to, maɓoyarsu ta cika ke nan.

Da farko mun nemi gajeriyar hanya. Muka sayo fiya-fiya a kasuwa cikin kwalba marar suna. Da muka dubi ɗakin da yara huɗu suke kwana, mai ƙaramar taga ɗaya, sai jikinmu ya yi sanyi, muka fasa. Guba ce da take kama numfashin mutum, ba kuma ta shiga cikin jakar ƙwai. Saboda irin haɗarinta ne hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni cikin 2019. Ƙwayar da ake sa wa hatsi a rumbu ma kada a kusantar da ita ɗakin kwana, hayaƙinta yana kisa.

Sai muka bi doguwar hanya. Kyankyaso yana iya yin kusan wata ɗaya ba abinci, amma da wuya ya wuce mako ba ruwa. Saboda haka muka hana shi duka biyu. Ba kwanon da yake kwana ba a wanke ba. Aka ɗora randa a kan duwatsu, ƙarƙashinta ya bushe. Muka yaɓe tsagogin bango, muka yi wa masai sabon murfi, ana zuba toka. Aka fitar da adaka da tabarmi rana, kaji suka yi biki. Sa'an nan muka kwaɓa garin borik asid da fulawa da ɗan sukari, muka cusa a lungunan da yaro ko kaza ba za su kai ba. Ba ya kashewa nan take, sai an yi haƙuri makonni, har waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya su ci.

Da yake katangarmu ɗaya da maƙwabta, muka je muka gaya musu, ko da yake da nauyin baki. Ashe su ma abin yana damunsu, kowa yana ɓoyewa. Gida uku muka yi aikin tare.

Yanzu autarmu ta murmure. Takardar shaidar tana nan da gefenta a cinye, ba mu sake ta ba. Ya ku iyaye, yau da dare ku ɗauki tocila ku leƙa madafa.