Wa zai tsara shafin rajista?

Ɗalibin kwamfuta a Kazaure in ya buɗe Django, wato kayan aikin gina shafukan intanet, zai tarar an tanadi hanyar shiga da ta adana kalmar sirri, amma shafin rajista shi zai haɗa. Ina ganin daidai ne. Rajistar da ta zo a shirye imel takan nema, alhali manomin Gwiwa ko ɗan kasuwar Babura da lambar waya ake samunsa, wayar ma wani lokaci ta gida ce, kowa na taɓawa. Za a ce sabon hannu zai yi kuskure. Haka ne, sai dai inda haɗarin ya fi yawa, wato kalmar sirri, an riga an tsare. Tambayoyin rajista kuwa, a bar wa wanda ya san mutanensa.