Ziyarar Zangon Kaya na Daventry: Inda Gonaki Suka Koma Sito

Duk wanda ya baro Landan a babbar hanyar M1 ya nufi arewa, da zarar ya kai mahaɗa ta 18 kusa da ƙauyen Crick, zai ga gonaki sun ƙare, manyan gine-gine marasa taga sun tare ido. Nan ne DIRFT, tashar kaya ta Daventry a gundumar Northamptonshire da ke tsakiyar Ingila. An buɗe ta a 1997, kuma har yau ba a daina faɗaɗa ta ba.

Wurin ya daɗe yana mararraba. Hanyar A5 da ta ratsa shi tsohuwar hanyar Rumawa ce mai suna Watling Street. Layin dogon da ya haɗa Landan da Sikotland yana da reshe a nan, sannan a Crick ɗin ne kashin farko na M1 ya tsaya lokacin da aka buɗe ta a 1959. Daga wannan yanki tirela kan isa ga mafi yawan jama'ar Burtaniya cikin kimanin awa huɗu. Shi ya sa manyan kantuna irin su Tesco da Sainsbury's suka kafa rumbunansu a nan. Zango ne irin na fatake, sai dai kayan ba sa daɗewa.

Na tsaya bayan wani sito ina kallon aiki. Ƙofofi ne jere reras, kowacce da lambarta. Direba ya ja da baya a hankali har gindin tirelar ya manne da bakin ƙofa, fitila ta sauya launi, kafin ka ankara ƙananan motocin ɗaga kaya sun fara shiga da fita. Ba ɗan dako, ba kururuwa, sai ƙarar gargaɗin mota. A ɓangaren jirgin ƙasa kuwa, ƙugiya ce ke cafke kwantena ta kusurwa huɗu, ta ɗauke ta daga tarago ta ɗora wa tirela cikin 'yan mintuna. Lokacin canjin aiki bas-bas suka sauke ma'aikata sanye da riguna masu ƙyalli, yawancinsu daga garuruwan da ke kewaye kamar Rugby da Northampton. Dubban gidaje ne ke ci daga wannan wuri, dare da rana.

Kashi na uku na ginin DIRFT, wanda gwamnati ta amince da shi a 2014 kuma kamfanin Prologis ke ginawa, ya hau kan filin tsohuwar tashar rediyo ta Rugby. Tashar rediyon ta fara aiki a 1926, dogayen turakunta masu tsayin mita 250 sun shafe shekaru ana hango su daga nesa, kafin a rushe na ƙarshe a 2007. Yanzu gefe guda na filin ya zama sabuwar unguwa mai suna Houlton, ɗaya gefen kuma rumbuna, ciki har da katafariyar cibiyar tantance ƙunshin saƙo ta Royal Mail da aka buɗe a 2023. An kuma ware fadamar Lilbourne Meadows domin tsuntsaye da sauran halittu.

Amma ba a cin riba babu mai biya. Ƙauyukan Crick, Kilsby da Lilbourne su ne ke kwana da rugugin motoci da hasken fitilun da ba sa mutuwa. A gefen A5 na ga tireloli a fake, labule a rufe, direbobi na barcin gajiya. Filin da aka malale da kankare kuwa ya yi ban kwana da garma.

Abin da ya bambanta DIRFT da sauran wuraren ajiya shi ne layin dogo. Jirgi ɗaya da ya tashi zuwa Sikotland yana ɗauke wa titi tireloli gommai, da hayaƙinsu da haɗarinsu. A ganina, nan ne ma'aunin wannan aiki. Idan kowane sabon sito zai ƙara kayan da ke hawa jirgin ƙasa, to kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Idan kuwa tireloli kaɗai zai ƙara, mutanen ƙauyukan nan suna da gaskiya in sun ce ya isa haka.